Daga Turke Zuwa Sirdi: Wata Goma Sha Ɗaya Ina Jinyar Dokina a Zariya

Na rubuta wannan bayani ne saboda masu dawakai irina, waɗanda suka tashi suka tarar da doki a gidansu, suka iya hawa da ɗaura sirdi, amma ba su taɓa jinyar doki ta tsawon watanni ba. A lokacin da abin ya same ni, kusan duk wanda na tunkara yana da abin faɗa game da ranar da doki ya ji ciwo, amma ban sami wanda ya gaya mini abin da ke jirana a ranar da za a buɗe masa ƙofa bayan ya yi makonni a killace ba, alhali wannan rana ce ta kusa rusa duk wahalar da muka sha.

Dokina ingarma ne baƙi, ɗan shekara takwas a lokacin, kuma a gida ba mu da wani suna da muke kiransa da shi sai Akawal. A watan Afrilun 2024, kwana kaɗan bayan Ƙaramar Sallah, mun fita kilisa da abokai wajen gonakin da ke kusa da Dutsen Kufena, sai aka ce a ɗan taɓa sukuwa. Ƙasar ta bushe ƙamas, ga tsofaffin kunyoyin bara, ga wuraren da yashi ya taru. Ana cikin gudu na ji ya dulmiya da ƙafar gaba ta dama kamar ya taka rami, ya rage gudu da kansa, muka dawo gida yana ɗan ɗingishi. Da gari ya waye sai ga kumburi a bayan ƙwaurinsa, tsakanin gwiwa da idon sawu, wurin ya ɗau zafi kuma ya tanƙwaro waje kamar baka. Kawuna, wanda ya fi shekara hamsin yana harkar dawakai kuma a hannunsa na koyi hawa, ya duba ya ce targaɗe ne, a gasa wurin da ruwan zafi a shafa man shanu, in bai faɗa ba a yi masa lalas, wato a ƙona wurin da ƙarfe mai zafi. Kwana biyu muna gasawa muna murzawa, kumburin kuma sai ƙaruwa yake yi.

Mu a Zariya ba mu da uzurin rashin likita. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa a Samaru, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatu a can suna aikin kansu a cikin gari. Wani abokina da ke hulɗa da 'yan folo ya haɗa ni da wani likita mai zaman kansa da ya saba da dawakai. Ya ce zai zo da hantsi, aiki ya riƙe shi a wata ruga, bai iso ba sai bayan la'asar, ni kuwa na wuni a ƙofar gida ina leƙen hanya. Da ya zo ya sa aka ja dokin gaba da baya, ya ɗaga ƙafar ya bi jijiyar da yatsu, Akawal ya zabura a daidai wurin da ya matsa. Abu na farko da ya ce shi ne mu daina gasawa nan take, domin ciwon jijiya sabo sanyi yake so. Ya rubuta mana a takarda cewa a riƙa kwarara wa wurin ruwan sanyi na minti 20 sau uku a rana, a naɗe ƙafafun gaba duka biyun da auduga da bandeji domin mai lafiyar ma tana ɗaukar nauyin da ba nata ba, sannan ya ba da maganin rage zafi da kumburi na kwana biyar. Na biya naira 15,000 kuɗin zuwa, ban da magani da bandeji. Ya kuma ce ba zai iya faɗin girman ɓarnar ba sai an yi sikanin, wato an ɗauki hoton cikin ƙafar da na'ura.

Bayan mako guda, da kumburin ya ɗan lafa, muka yi hayar mota ƙirar Kanta naira 30,000 zuwa da dawowa, muka kai shi wurin da ke da na'urar. Wanda zai je ya shirya wa yini guda: an buɗe kati da sunana da kamannin dokin, na biya aka ba ni rasit, muka jira kusan awa uku a inuwa domin akwai shanu da karnuka a gabanmu. Aka aske gashin wurin, aka shafa wani mai mai yauƙi, likita ya ɗora na'urar. A allon ya nuna mini jijiyar lafiyayyar ƙafa fara sol da zare-zarenta a jere, sannan ya koma ɗaya ƙafar, sai ga wani baƙin rami a tsakiyar jijiyar, inda zaren ya tsintsinke jini ya taru. Ya bayyana mini cewa ƙafafun gaba ne ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, kuma wannan jijiya ita ce ke miƙewa tana dawowa kamar roba a duk takun sukuwa. Idan ta tsinke ba ta warkewa da irin zarenta na asali, tabo ne ke cike gurbin, shi kuwa tabo ba ya miƙewa kamar na da, shi ya sa dawakai da yawa ke sake tsinke ta. Sannan ya faɗi maganar da ban fahimta ba sai daga baya. Ya ce, "Malam, nan da mako uku zai daina ɗingishi, kuma daga ranar ce matsalarka za ta fara, domin shi zai ɗauka ya warke, kai ma za ka ɗauka ya warke, jijiyar kuwa sai ta yi wata tara zuwa shekara." Ya ba ni jadawali a rubuce: mako shida a killace ba fita, sannan a dawo a duba. Na ɗauki hoton allon da wayata, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, ya kuma adana katin da takardun, domin da su ake gwada hoton gaba.

Killacewar kanta ta zo da nata aikin. Mu a gida a turke muke ɗaure doki, da igiya a ƙafar gaba, kamar yadda ake yi a yawancin gidajen cikin birni. Likita ya ce wannan ba zai yiwu ba, domin duk fizgar da zai yi a kan jijiyar za ta sauka. Na kira kafinta ya kewaye wani ɓangare na barga da katako, kamar mita huɗu kowace kusurwa, yadda zai iya juyawa ya kwanta amma ba zai sami filin zabura ba, muka shimfiɗa ɓuntun shinkafa mai kauri a ƙasa.

Babban kuskurena a komin abinci na yi shi, kuma tausayi ne ya ja ni. Kafin ciwon Akawal yana cin dawa mudu biyu da safe, biyu da yamma, ga dusa da kanwa, domin kusan kullum yana fita kilisa. Da aka killace shi ban rage ko tafi ɗaya ba, har ma nakan ƙara masa idan na ga ya zuba mini ido, ina ganin majinyaci ai sai da abinci mai kyau. A mako na uku, kamar yadda aka faɗa, ɗingishi ya ɓace. Daga nan dokin da yara ke shafa wa wuya ya zama wani abu dabam. Yana tonon ƙasa da kofato har ya yi rami a bakin ƙofa, yana gaigayar katako, yana kaɗa kai hagu da dama na tsawon lokaci, ya ciji yaron da ke kula da shi a kafaɗa, wata safiya kuma na same shi yana miƙewa a kan ƙafafun baya a cikin ɗan wurin nan yana sauka a kan ƙafar da muke jinya. Kawu ya tsaya ya dube shi ya ce, "Kai ɗana, dokin nan ya warke, sirdi yake nema." Na kira likita a waya ina neman maganin da zai kwantar da shi, sai ya ce in fara gaya masa abin da dokin ke ci. Da na lissafa ya yi shiru, sannan ya ce ina zuba wa mota mai ina taka totur alhali na ɗaure ta da bishiya.

Bayanin da ya yi mini ya sauya yadda nake kallon ciyar da doki gaba ɗaya. Doki a sake yakan shafe kusan awa 16 a rana yana kiwo yana ɗan takawa, tumbinsa ƙarami ne, kuma ruwan narkar da abinci yana zuba a cikinsa ko da abinci ko babu. Dokin da ya cinye dawarsa cikin minti 20 ya zauna sauran yinin baki a sake, ga ƙarfin hatsi a jiki ba inda zai kai shi, ga ciki yana ƙuna, dole ya nemi abin da zai yi da kansa. Ya ce a janye dawar a hankali cikin kwana goma, kada a yanke rana ɗaya domin sauyin abinci na gaggawa yana jawo ciwon ciki, har ta koma ɗan tafin dusa da za a riƙa cuɗa gishiri a ciki. A maimakonta a ba shi busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wanda ga doki mai kilo 350 ya kama kilo 7 a rana, a gauraya harawa da busasshiyar ciyawa domin harawar wake da ta gyaɗa su kaɗai ma suna da ƙarfi, a raba shi kashi biyar ko shida, ruwa kuma kada ya yanke a gabansa. Yaron barga ya saƙa wata raga da igiyar leda mai ƙananan idanu, muka riƙa cusa ciyawar a ciki muna ratayewa daidai ƙirjinsa, abin da yake cinyewa cikin rabin awa ya koma ɗaukarsa awa biyu. Ƙarshen bazara ne, harawa ta yi tsada, na kashe fiye da abin da na tanada daga rage dawa. Abin da ya fi kuɗin nauyi shi ne maganar mutane. A garinmu ƙibar doki mutuncin mai shi ce, Kawu kuma bai ɓoye mini ba cewa za a ce na kasa ciyar da doki. Na ba shi haƙuri na ce umarnin likita ne. Muka kuma ɗaure wata tsohuwar akuya kusa da shi, muka cire katako ɗaya ta ɓangaren tsakar gida don ya riƙa ganin masu wucewa, na roƙi maƙwabcina ya matsar da goɗiyarsa daga jikin katangarmu. Cikin mako biyu tonon ƙasa ya ragu sosai, cizon ya tsaya.

A ƙarshen watan Mayu likita ya zo ya duba, ya ce zafi ya tafi, a fara jansa da hannu minti biyar a rana. Minti biyar ɗin nan ne na raina. Na dawo daga aiki da la'asar, hadarin farkon damina ya haɗo, iska tana kwasar ledoji a lungu, yara sun taso daga Islamiyya, na ce wa yaron ya sa masa ragama ya zagaya da shi ƙofar gida. Silifas ne a ƙafar yaron, igiyar kuma gajera ce, ya naɗe ta a hannu. Akawal ya fito ya yi taku kamar goma lafiya lau, har na fara murmushi. Sai ya tsaya cak, ya ɗaga kai sama, kunnuwa suka miƙe, wutsiya ta tashi, ya hura hanci da wata irin ƙara. Wani ɗan acaɓa ya shigo lungun ya danna ham. Abin da na gani kawai shi ne kofatai biyu a sama da kan yaron, sannan dokin ya sauka ya yi tutsu, ya yi harbi da ƙafafun baya, ya fizge igiyar ta zame da fatar tafin yaron, ya bi lungu da gudu yara na watsewa. Allah ya taimaka lungun ba ya ɓullewa, ya je ƙarshe ya ja birki a kan siminti, ya tsaya yana rawar jiki. Ban taɓa jin kunya da tsoro a haɗe kamar na wannan yammaci ba, domin da yaro ɗaya ya faɗi a gabansa da labarin ya zama wani. Da daddare ƙafar ta ɗau zafi. Muka koma ruwan sanyi, muka kai yaron kemis aka wanke masa hannu, na kwana uku ina jiran likita ba na iya barcin kirki. Aka sake hayar mota, aka sake sikanin, aka sake biya. Ramin da ke cikin jijiyar bai ƙaru ba, amma gefensa ya kumbura, aka ƙara mana mako biyu a killace.

A cikin makonni biyun nan na sha shawarwari, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke nufi, wato a gajiyar da shi. Wani ya ce a sa masa talala a tsaya a tsakiya yana zagayawa da gudu har ya yi gumi. Wani ya ce a ɗora masa ƙaton mahayi. Wani ya ce a kai shi yashin bakin rafin Kubanni, wai yashi yana da taushi. Na kai wa likita su duka, ya warware mini su ɗaya bayan ɗaya. Gudu a zagaye yana murɗa ƙafa yana jibga nauyi a gefe guda, zurfin yashi kuwa yana sa jijiya ta miƙe fiye da kima, shi ya sa ƙasa mai ƙarfi wadda take shimfiɗe ta fi masa. Gajiya kuma tana cikin manyan abubuwan da ke tsinka jijiya, domin idan tsoka ta gaji jijiya ce ke karɓar duka. Hanyar da muka saba sauke wa lafiyayyen doki kuzari ita ce hanyar da za ta nakasa wannan. Game da allurar kwantar da jiki, ya gargaɗe ni da kada in saya a kasuwa in yi da kaina. Ya ambaci wata mai suna acepromazine da ake yawan amfani da ita, ya ce a jikin ingarma tana iya sa gabansa ya zazzago ya kasa komawa, wanda ke iya zama lahani na dindindin. Ya ce zai zo da kansa a fita uku na farko ya yi masa ƙaramin awo na wata allurar mai saurin sakin jiki, kuma kada a ba shi abinci sai ya wartsake sarai saboda gudun shaƙewa. Kowane zuwa da kuɗinsa, amma bayan abin da na gani a lungu ban yi ciniki ba.

Fita ta biyu mun shirya mata kamar masu shirin tafiya. Na nemi izinin amfani da wani kangon fili mai katanga a bayan gidanmu, muka tsince duwatsu da ledoji. Lokaci kuma bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi. Rabin awa kafin fita mukan ba shi ciyawa, domin doki mai yunwa ba ya sauraro. Muka ajiye ragama muka sa masa linzami, amma ba irin namu na hawan Sallah mai zobe ba, domin zafinsa kan sa doki ya miƙe tsaye idan aka fizga. Na aro mai sauƙi irin na 'yan folo. Igiya doguwa, kamar mita bakwai, a ninke a tafi ba a naɗe a hannu ba, don idan ya zabura a sakar masa kaɗan ba tare da ya kuɓuce ba. Ni a hagu, yaron a dama, kowa da safar hannu da rufaffen takalmi, kowa a daidai kafaɗar dokin, ba a gabansa ba inda kofato ke sauka. Abin da ya fi komai amfani kuwa daga Kawu ya fito. Duk da bai yarda da tsarin ba, shi ne ya ce a kawo tsohon dokinsa mai sanyin hali a sa a gaba, ya ce yaro ba ya hauka a bayan dattijo. Haka kuwa aka yi, Akawal ya sa hanci kusa da wutsiyar tsohon ya bi shi.

Da allurar ta ƙare sai aikin ya koma na ido. Na koyi cewa tutsu ba ya zuwa babu sallama. Kafin ya yi, wuya kan sandare, taku ya gajarce kamar yana taka ƙaya, numfashi ya tsaya, kunnen da ke waiwayena ya koma gaba. A wannan ɗan tsakanin ne ake da dama. Da na riƙe linzami da ƙarfi sai abin ya ƙaru, amma idan na yi masa magana ƙasa-ƙasa, na ce ya tsaya, ya ja baya taku biyu, ya sake tafiya, ya sake tsayawa, sai hankalinsa ya dawo kaina, ya sauke kai ya fara taunar linzami. Tunda ba za a iya gajiyar da ƙafarsa ba, kansa muka riƙa bai wa aiki. Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, kullum ina rubuta minti nawa muka yi da yadda ya kasance, ina kuma shafa ƙafafun biyu da bayan hannu kafin fita da bayan dawowa don in gwada zafinsu. Duk mako muna ƙara minti biyar idan ƙafar ta kwana da sanyi, idan ta yi ɗumi mu koma awon makon baya.

Babbar Sallah ta faɗo ranar 16 ga Yuni, muna mako na farko da fara takawa. Dokin da ya saba hawa ya san Sallah kafin a gaya masa. Tun jajibere da ya ji tambura da algaita da ƙarar kayan dawakan maƙwabta ya fara haniniya yana zagaye wurinsa, da aka fara harba bindigogi kuwa sai gumi ya jiƙe shi sharkaf. Kwana uku ba mu fitar da shi ba ko taku ɗaya. Bayan na dawo daga idi na cire babbar riga na zauna a bakin bargar a kan turmi, ina goge masa jiki ina cika raga da ciyawa, ina jin abokan hawana suna wucewa ta bakin titi. Wani ya leƙo ya ce ai taƙama kawai za a yi, ba sukuwa ba, in fito da shi. Na san dokina, na kuma san kaina, idan muka shiga cikin taron nan babu wanda zai tsaya a taƙama.

Damina ta wuce ba wani abin labari sai naci. Ranar da ƙasa ta yi santsi mukan jira ta tsane, ɗanyar ciyawa kuma da kaɗan-kaɗan muka shigar masa da ita. A watan Yuli aka yi sikanin na wata uku, ramin ya cike da wani abu toka-toka. Zuwa Satumba yana yin minti 45 a hannu, mun fita daga kango zuwa hanyar gona, tsohon dokin ma ya huta.

A watan Oktoba, bayan sikanin na wata shida, likita ya yarda a hau. Kwana uku muna ɗora masa sirdi mara nauyi muna jansa babu mahayi, muna ƙara matse majayi a hankali, domin wata shida rabon bayansa da kaya. Ranar da na hau sai da aka ja shi minti 20 tukuna, sannan na hau yaron yana riƙe da doguwar igiyar, ba kaimi ba bulala. Na ji bayansa ya tashi ƙarƙashina kamar tulu, na sake masa linzami na bar shi ya yi gaba, bayan 'yan taku ya sauke. Wata guda muna tafiya kawai, sannan aka ƙara sassarfa ta minti biyu a miƙaƙƙiyar hanya, ana ƙarawa duk mako. Dawa ta dawo da tafi-tafi, kuma kullum aiki ne ke fara ƙaruwa kafin ita. A watan Disamba hunturu ya sauka, sanyin asuba da iska suka dawo masa da rawar kai, wata safiya busasshen ganyen dawa ya taso a gabansa ya yi tutsun da ya zubar da ni a gefen gona. Ƙafarsa ba ta yi komai ba, ƙuguna ne ya yi mako yana ciwo. Daga nan muka mayar da fita zuwa hantsi, bayan rana ta ɗumama gari.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da zan fi jaddadawa shi ne ya rage hatsi tun ranar da aka killace dokin, kada ya jira sai hali ya sauya, domin yawancin haukar da za a gani a bakin ƙofa a komi aka zuba ta makonni kafin nan. Ya tambayi likita tun a zuwan farko yadda za a yi fitar farko, da wurin da za a yi ta, da ko za a buƙaci allura, domin ni an ba ni adadin mintuna ne ban tambayi sauran ba. Kada ya bar yaro shi kaɗai da igiya a wannan rana, kada kuma ya ɗauki ɓacewar ɗingishi a matsayin sallama. Ya kuma yi kasafin kuɗin mota da na sikanin aƙalla sau huɗu, domin ni na yi biyar, kuma hayar mota ta ci fiye da kuɗin likita, farashin ma na san ya wuce wanda na biya.

An yi sikanin na ƙarshe a farkon watan Maris na 2025, zaren jijiyar ya jeru, ko da yake har yau idan aka shafa wurin ana jin ya ɗan fi ɗaya ƙafar kauri. Ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen watan, na ɗaura masa kayansa muka fita a bayan tsohon dokin Kawu, muka yi taƙama muka dawo, da aka zo sukuwa na ja shi gefe. Da muka shigo gida, kafin in cire rawani, na durƙusa na sa bayan hannu a ƙafar dama sannan a ta hagu. Kawu yana tsaye a kaina ya ce, "To, likita, me ka ji?" Na ce masa duka biyun da sanyi, ya ce wa yaron ya kawo ruwa a kwarara mata duk da haka.